Direba ya yi maye ya kaɗe mutum: wa zai biya?

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bande zuwa Magarya, sa'an nan ta zarce Tinkim har iyakar Nijeriya, ya san yadda take cika da yammacin ranar kasuwa. Haka ma hanyoyin gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a gyaran gundumomi na 2011, musamman ranar Alhamis da ake cin kasuwar dabbobi ta Maigatari. Manyan motoci ɗauke da shanu, ƙananan motocin fasinja, ƴan kabu-kabu, amalanken shanu da ba su da fitila, da mata masu komawa ƙauye a ƙasa, duka a kan hanya ɗaya suke haɗuwa bayan faɗuwar rana. A cikin wannan cunkoso, direba guda da hankalinsa ya gushe ya isa ya mai da gida guda na marayu.

Ba kasafai ake maganar giya a fili ba a wannan yanki, domin jama'arsa Musulmi ne, kuma mai sha ɓoyewa yake yi. Amma ɓoyewa ba ta hana ta aiki a cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin karo yana ƙaruwa sosai tun daga giram 0,4 na giya a cikin litar jini guda, wato tun kafin mutum ya fara tangaɗi, tun yana ganin kansa garau. Kuma a tashoshin mota abin da ya fi giya yawa shi ne ƙwayar tramol da tabar wiwi, waɗanda wasu direbobi da ƴan babur suke sha da sunan korar barci da gajiya. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana su. Rahoton hukumar lafiyar na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1,19 ne suke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

To, idan abin ya faru, wa zai biya kuɗin magani? Wa zai ciyar da iyalin wanda ya rasu? Mutane da yawa, har da wasu masu ilimin boko, suna zaton cewa da zarar an tabbatar direba ya sha giya, kamfanin asiransi, wato inshora, ya wanke hannunsa ke nan, sai dai a bi direban da ba shi da komai sai rigar wuyansa. Wannan zato kuskure ne, kuma ya sa iyalai da dama sun bar haƙƙinsu tun ba su nema ba.

Abin da dokar asiransi ta ce

A ranar 10 ga watan Yuli na 1992, a birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, aka ƙulla yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA, wadda ta haɗa ƙasashen Afirka 14 a kan dokar asiransi guda ɗaya. Nijar na cikinsu. Dokar ta fara aiki a watan Fabrairu na 1995, kuma a littafinta na biyu ne aka yi maganar asiransin motoci. Aya ta 200 ta wajabta asiransi a kan duk abin hawa mai inji da ke tafiya a ƙasa, daga babur har tirela, domin biyan ɓarnar da zai yi wa wasu. Wannan asiransi yana bin motar ne tare da duk wanda ke riƙe da sitiyarinta, ko mai ita ne, ko direbansa, ko ma karen mota da ya ɗauki makulli ba da izini ba.

Aya ta 211 ita ce ta yi maganar maye kai tsaye. Ta ce duk sharaɗin da kamfani ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa asiransi ya faɗi idan aka hukunta direba da laifin tuƙi cikin maye, to a ɗauka kamar ba a rubuta shi ba. Ma'ana, kamfani ba zai ce wa matar wanda aka kaɗe ta tafi ta nemi direba ba. Zai biya ta kamar yadda zai biya da a ce direban yana cikin hayyacinsa. Hikimar a fili take: wanda ke tafiya a gefen hanya bai zaɓi direban da zai ci karo da shi ba, bai kuma san abin da ya sha ba.

Inda mashayin ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne a kan nasa kayan da nasa jikin. Idan mai mota ya ƙara sayen asiransin da ba na dole ba, kamar wanda ke gyara masa motarsa in ta lalace, sharaɗin maye yana aiki a kansa, kamfani na iya ƙin biyansa ko dala. Asiransin dole kuma ba ya biyan raunin direban da ya jawo haɗari. Ko da wata mota ce ta biyu suka yi karo da ita, aya ta 227 ta ce laifin direba yana rage abin da za a ba shi, ko ya soke shi ɗungum. Amma iyalinsa da ke cikin motar, matarsa ko ɗansa, doka ta ɗauke su kamar sauran mutane, ana biyansu.

Wani abin da ya kamata ma'aikatan hukuma su riƙe shi ne aya ta 210. Sau da yawa direban da ya yi maye ba shi da parmi, ko kuwa ya loda fasinja har bisa rufin mota. Kamfani na da ikon rubuta cewa ba ya ɗaukar irin wannan, amma ba zai kafa hujja da shi a kan waɗanda suka ji rauni ba. Sai ya biya su tukuna, daga baya ya juya kan mai motar ya nemi kuɗinsa. Haka nan aya ta 228 ta ce wanda ba direban abin hawa mai inji ba ne, kamar mai tafiya a ƙasa, da fasinja, da mai keke, da mai amalanke, ba a hana shi diyyar jikinsa don shi ma ya yi sakaci, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Mai amalanken da ya hau hanya da dare ba fitila zai karɓi diyyar ƙafarsa da ta karye. Kuɗin amalanken da na san da ya mutu ne ake iya rage masa saboda sakacinsa.

Saboda haka wanda aka kaɗe ba ya bukatar ya tabbatar da cewa direba ya sha wani abu kafin a biya shi. Mayen yana da nauyi ne a wajen hukunci. Kisa ko rauni ba da niyya ba laifi ne a dokar hukunta laifuffuka ta 1961, kuma mai shigar da ƙara na gwamnati ne ke bin sa, ko dangin mamaci sun so ko ba su so ba. A nan ne gaggawa ke da amfani, domin jiki yana narkar da giya cikin ƴan sa'o'i. Direban da aka kai likita washegari sai a tarar da jininsa fes.

Inda haƙƙi ke salwanta

A kan takarda komai ya yi kyau. A Waca ko Dogo-Dogo ko Malawa kuwa, haƙƙin yana zubewa ne tun a daren farko, kuma ba mugunta ce ke zubar da shi ba, al'ada ce da jin kunya da rashin sani.

A ɗauki misali. Wata motar fasinja ta kaɗe wani manomi da ke komawa gida daga kasuwa, cinyarsa ta karye. Jama'a suka taru, aka ji warin giya a bakin direba, aka yi hayaniya, dattawa suka shiga tsakani. Mai motar ya zo da safe da haƙuri da jika 20 da buhun hatsi. Aka ɗauki majinyacin aka kai shi wajen mai ɗori, domin ya fi kusa kuma ya fi sauƙi. Ba a kira jandarma ba, motar ta koma bakin aikinta. Bayan wata huɗu ƙafar ta warke a karkace, mutumin ba ya iya riƙe hauya wuni guda, damina ta wuce gonarsa rabi a nome. Sai a lokacin wani ɗan uwansa da ya yi karatu ya ce ai akwai asiransi. Amma ina takardar konsta da za ta nuna wace mota ce, a wace rana, a wane wuri? Ina takardar likita da ta bayyana raunin a ranar da aka ji shi? Babu ko ɗaya. Kamfani ba ya biya da labarin baki.

Takardar jandarma ko ta ƴan sanda ita ce tushen komai. Aya ta 230 ta ɗora wa jami'an da suka yi konsta nauyin aika kwafinta ga kamfanonin asiransin da abin ya shafa, kuma dokar ta 1995 ta ba su wata 3 su yi haka. A cikinta ne ake rubuta lambar mota, da sunan mai ita, da na direba, da sunan kamfanin da lambar takardar asiransi, da sunayen waɗanda suka ji rauni. Fasinjan da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida ba a rubuta sunansa ba, sa'an nan ciwon baya ya tashi masa bayan mako guda, zai sha wahala kafin ya nuna cewa yana cikin motar. Takarda ta biyu ita ce ta likita, ko a asibitin gunduma na Magarya, ko a babban asibitin Damagaram idan an tura majinyaci can. Ba wanda ya hana zuwa wajen mai ɗori, kuma akwai masu ɗorin da hannunsu ke da albarka, amma ba su da hatimi. A fara da likita, a karɓi takarda, a adana duk rasit na magani da na hoton ƙashi.

Idan rai ya fita, abin ya fi wuya. Musulunci ya so a gaggauta jana'iza, kuma ba mai son a ajiye gawa. Sai dai kamfani zai nemi takardar mutuwa, da takardar likita mai faɗin sanadinta, da hukuncin kotu mai nuna su wa ne magada, da takardun haihuwar ƴaƴa, da shaidar cewa suna raye. Ganin likita kafin a kai mamaci makwancinsa ba ya cin fiye da ɗan lokaci, amma rashinsa na iya cin shekara. A ƙauyuka da yawa kuma aure an ɗaura shi a masallaci ba takarda, yara an raɗa musu suna ba a kai wa ma'aikatar magajin gari ba. Irin waɗannan sai sun bi ta kotun Magarya alƙali ya ba su hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa ko ta aure. A nan ne magatakardan ƙananan hukumomi da malaman yaƙi da jahilci suke da babban aiki, domin bazawarar da ke cikin takaba ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Yafewa da diyya

Kalmar da aka fi ji a zaman makoki ita ce an bar wa Allah. Dangi da yawa suna ganin karɓar kuɗi bayan mutuwa kamar cin kuɗin jini ne, abin kunya ga gidan mutunci. Wannan ra'ayi ya cancanci a girmama shi, amma ya kamata a duba shi da kyau. Shari'ar Musulunci da kanta ta sa diyya a kan kisan kuskure. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Damagaram tun kaka da kakanni, ya ƙayyade ta da raƙuma 100, ko dinari 1.000 na zinariya, ko dirhami 12.000 na azurfa. Kuma ba a kan mai kisan shi kaɗai aka ɗora ta ba, a kan danginsa na wajen uba ne, su haɗu su biya, domin nauyin ya fi ƙarfin mutum guda. Diyyar kuwa gado ce, ana raba ta ga magada kamar sauran dukiyar mamaci. Baffan da ya miƙe a gaban jama'a ya ce sun yafe, yana iya yafe nasa rabo in yana da shi. Rabon yaro ɗan shekara biyar ba nasa ba ne.

Dokar CIMA ma ta kare yara ta irin wannan fuska: sulhun da ya shafi haƙƙin ƙaramin yaro ba ya tabbata da sa hannun kowane dangi da ya ga dama, sai ya bi ta hannun waɗanda doka ta ba riƙon yaron. Ta kuma san gidan mai mata fiye da ɗaya, ta tsara yadda za a raba tsakaninsu da ƴaƴansu.

Sarakunan gargajiya suna da ikon sasanta mutane a kan al'amuran al'ada da na dukiya, kuma dokar sarauta ta 2015 ta tabbatar musu da shi. Sulhun da aka yi a ƙofar maigari yana kashe gaba, yana hana ramuwa, abu ne mai kyau. Amma ba ya tsai da tuhumar gwamnati a kan direba, kuma bai kamata ya zama dalilin barin kuɗin kamfani ba. Iyali na iya yafe wa direba har ga Allah, su karɓi ta'aziyyarsa, su ce ba su neman komai daga aljihunsa, sa'an nan su kai takardunsu ga kamfanin da mai motar ya riga ya biya domin irin wannan rana. In sun bar kuɗin, ba direban suka taimaka wa ba, kamfanin ne ya ci riba.

Yadda ake lissafi

Dokar ba ta bar wa kamfani ko alƙali su yanka abin da suka ga dama ba, akwai ma'auni. Ana biyan kuɗin magani da aka kashe bisa rasit. Ana biyan kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba, idan sun wuce 8. Ma'aikaci zai nuna takardar albashinsa, ɗan kasuwa ya nuna ta haraji. Manomi ko mai tallan da ba shi da takardar da ke nuna abin da yake samu, ana auna masa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000 a farkon 2024. Ke nan manomin da ya yi wata 3 a kwance yana da jika 126 a wannan fanni kaɗai. Idan rauni ya bar naƙasa, likita ne ke auna ta kashi nawa ce cikin 100, a haɗa da shekarun mutum a fitar da adadi. Akwai kaso na raɗaɗin da aka sha, da na tabon da ya ɓata kama. In mutuwa ce, ana biyan kuɗin jana'iza har wani iyaka, da asarar abin da mamaci ke kawowa gida, da wani kaso na baƙin cikin rabuwa ga mata da ƴaƴa da iyaye da ƴan uwa. Gaskiya ma'aunin bai da yawa, kuma tun da an ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi, ran talaka a Nijar yana fita da arha. Duk da haka ya ninka jika 20 da buhun hatsi sau da yawa.

Kamfani ne doka ta ɗora wa ya fara kawo tayi, ko ba a roƙe shi ba. A da dokar ta ba shi wata 12 daga ranar haɗari, ko wata 8 idan mutuwa ce, kuma gyaran da ministocin ƙungiyar suka yi a 2014 ya tsananta tarar jinkiri har kashi 5 cikin 100 a kowane wata. A wasiƙarsa ta farko wajibi ne ya sanar da mai haƙƙi cewa yana iya neman kwafin takardar konsta, kuma yana iya zuwa da mai ba shi shawara wanda ya zaɓa. Wanda ya sa hannu a kan tayi sa'an nan ya gane an ƙware shi, dokar ta ba shi kwana 15 ya warware da wasiƙa mai rajista. Idan an kasa daidaitawa, sai kotu. Amma dokar ta 1995 ta yanke shekara 5 daga ranar haɗari, bayan su ƙofar ƙara ta rufe. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin tallafa wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, tana kuma da ofis a manyan kotuna.

A kula da ƴan tsakani. A bakin asibitoci da tashoshi ba a rasa masu cewa a ba su takardu da wakilci su karɓo kuɗin, daga baya su miƙo abin da suka ga dama. Wanda ya iya karatu ya karanta adadin da ke cikin tayin da idonsa kafin ya dangwala yatsa.

Ramin da dokar ba ta cike ba shi ne motar da ba ta da asiransi, ko wadda nata ya ƙare. Tun gyaran 2011, asiransi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa, saboda haka takardar da aka karɓa bashi ko wadda wa'adinta ya wuce da kwana guda ba ta ɗaukar kowa. Babura da yawa da ke jigilar mutane tsakanin ƙauyukan Dungas da Magarya haka suke yawo. A irin wannan hali sai a koma ga dokar farar hula: aya ta 1382 ta ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya yi ta, ta 1384 kuma ta ɗora shi a kan mai abin hawan da ubangidan direba. Attajirin da ya damƙa motarsa ga direban da kowa a tasha ya san yana shan ƙwaya, bai kuma sabunta asiransi ba, daga dukiyarsa kotu za ta cire diyyar. In kuwa ɗan kabu-kabu ne da babur ɗin bashi, hukuncin na iya fita amma a rasa abin kamawa.

Saura motocin ƙetare, waɗanda suke da yawa a hanyar Tinkim zuwa Babura da ta Dungas zuwa Maigatari. A 1982 ƙasashen CEDEAO suka kafa tsarin kati mai ruwan ƙasa domin asiransin mota ya bi ta idan ta tsallake iyaka, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Motar da ta yi ɓarna a Tinkim cikin minti kaɗan take tsallakewa. Saboda haka dangin wanda aka kaɗe su tsaya a kan a rubuta lambarta, da sunan mai ita da garinsa, da sunan kamfanin asiransinta da lambar takardar, duka a cikin konsta, tun motar tana hannun jandarma.